Tantanin Numfashi: Raunin da Ke Ɓuya Bayan Haɗari

A cikin littattafan ilmin halittu na makarantun sakandare akwai wani zane da kusan kowane ɗalibi ya haddace: huhu biyu da haƙarƙari ya kewaye kamar akurki, zuciya a tsakaninsu, sa'an nan a ƙarƙashinsu wani layi mai lanƙwasa kamar an kifa ƙwarya. Wannan layi shi ne tantanin numfashi, wanda likitoci ke kira dayafiram, wato shimfiɗar tsokar da ta raba ƙirji da ciki. Abin da ake koya wa ɗalibi game da shi bai wuce jimla biyu ba: idan ya sauka iska ta shiga, idan ya hau iska ta fita. Da zarar ya rubuta haka a jarrabawa ya sami makinsa, shi ke nan an rufe babi.

Wannan sani ya yi kaɗan ƙwarai. Tantanin numfashi yana iya yagewa a haɗarin mota, ko a faɗowa daga sama, ko a sukar wuƙa, ba tare da ɗigon jini ya fito waje ba, mai raunin ya tashi ya koma gida ana yi masa barka, bayan watanni ko shekaru raunin ya kashe shi. Dalilan da suka sa haka ke faruwa suna cikin darussan fiziks da ɗalibin nan yake ɗauka a ajin da ke maƙwabtaka da na ilmin halittu. Saboda haka ya kamata a riƙa koyar da wannan tsoka tare da ƙarfinta da iyakar ƙarfinta, domin ilmin da ake bayarwa a aji ya yi amfani a bakin titi.

Yadda Aka Gina Shi

Tantanin numfashi kashi biyu ne. Tsakiyarsa farar jijiya ce mai faɗi da sheƙi, wadda ba ta cika miƙewa ba, kuma a kanta jakar zuciya take zaune. Gefensa kuwa jan nama ne, zaruruwansa sun taso daga tsakiya sun bazu ko'ina kamar wayoyin ƙafar keke, sun kama ƙarshen ƙashin ƙirji ta gaba, da haƙarƙari shida na ƙasa ta kowane gefe, da ƙashin baya ta baya. Kaurinsa bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba. Yana da manyan ƙofofi uku: ɗaya ta bututun abinci, ɗaya ta babbar jijiyar da ke sauko da jini daga zuciya, ɗaya kuma ta wadda ke mayar da jini gare ta. Umurnin motsi yana zuwa masa ta wasu jijiyoyi biyu da suka taso daga lakar wuya, daidai gaɓa ta 3 zuwa ta 5. Wannan ne ya sa karayar wuya ta can sama take tsayar da numfashi, shi ne kuma ya sa ciwon da ke tantanin yakan bayyana a kafaɗa.

A lokacin hutu yana sauka kamar santimita 1 zuwa 2 a kowane numfashi, yana jawo iska kimanin rabin lita. Idan aka ja dogon numfashi yana iya sauka har kusan santimita 10. Shi ke ɗauke da mafi yawan aikin shaƙar iska, kimanin kashi biyu cikin uku ko fiye. Mutumin da ke numfashi sau 15 a minti, tantaninsa yana motsi sau 21,600 a kwana guda, wanda ya haura sau miliyan 500 a shekara 70. Shaƙuwa ma ba komai ba ce illa fizgar da wannan tsoka take yi ba da nufin mai ita ba.

Akwai wani abu da zanen littafi yake ɓoyewa. Tantanin ya kumbura sama ƙwarai, ta yadda idan mutum ya fitar da iska sosai ƙololuwarsa takan kai kusan daidai kan nono. Ma'anar wannan ita ce hanta da saifa da tumbi suna zaune a bayan haƙarƙarin ƙasa, a wurin da yawancin mutane suke ɗauka ƙirji ne.

Ƙarfinsa da Iyakarsa

Masu nazarin ƙarfin sassan jiki sun gwada wannan tsoka kamar yadda injiniya yake gwada ƙarfe ko roba, suna janta da na'ura suna auna miƙewarta har ta tsinke. Halaye uku suka fito fili.

Na farko, miƙewarta ba ta tafiya daidai da ja. Da fari tana biyayya cikin sauƙi, domin zaruruwan kolajin da ke cikinta a nannaɗe suke, ja yana warware su. Da zarar sun miƙe sarai sai ta yi tauri nan take, daga nan kuma ba ta da sauran wurin miƙewa.

Na biyu, ƙarfinta ya danganta da fuskar da aka ja ta. Binciken da Boriek da Rodarte suka yi a birnin Hustan na Amurka a shekarun 1990, a kan tantanin karnuka, ya nuna cewa tsokar tana miƙewa sosai idan an ja ta bisa tsawon zaruruwanta, amma tana da tauri idan an ja ta a gicciye. Duk wanda ya taɓa tsaga kara ya san cewa abu mai zare yana da fuskar da yake bi in zai tsage. Yagewar da bugu yake haifarwa ita ma sau da yawa takan taso daga wajen tsakiya ta nufi gefe, tana bin kwanciyar zaren.

Na uku, saurin ja yana sauya halinta. Idan aka ja cingam a hankali yakan yi ta miƙewa, idan aka fizge shi sai ya tsinke. Naman jiki ma yana buƙatar lokaci kafin ruwan da ke cikinsa ya matsa, zaruruwa su daidaita. Numfashi yana ba shi daƙiƙoƙi, karon mota kuwa bai kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba. Don haka ne masu bincike a Delhi ta Indiya, a shekarar 2016, suka gwada tantanin ɗan Adam da irin saurin da ake samu a haɗari. Irin waɗannan alƙaluma ne ake zubawa cikin mutum-mutumin kwamfuta da ake gwajin karon mota da shi, kamar THUMS na kamfanin Toyota, wanda aka buɗe wa masu bincike kyauta a shekarar 2021.

Yadda Yake Yagewa

Ƙirji da ciki ba su da matsi iri ɗaya. Matsin da ke cikin ƙirji bai kai na iskar waje ba, na cikin ciki kuwa ya ɗara shi. Bambancin da ke tsakaninsu a numfashin yau da kullum yakan kai santimita 7 zuwa 20 na ruwa, wato daidai da dannawar ruwa mai wannan zurfi. Idan mutum ya ja numfashi iyakar ƙarfinsa yana iya wuce 100. Ɗalibi zai iya lissafa abin da hakan yake nufi: matsin santimita 100 na ruwa daidai yake da ɗora kilo 10 a kan fili mai tsawon santimita 10 da faɗin santimita 10. Tantanin yana jure wannan ba tare da wata illa ba.

To, sai a duba abin da ke faruwa a haɗari. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa idan ta tsaya nan take, jikin fasinja yana ci gaba da tafiya da irin saurin wanda ya faɗo daga bisa mita 10. Idan gudun ya kai 100, tsawon ya kusa mita 40, domin ninka gudu sau biyu yana ninka ƙarfin karo sau huɗu. Idan sitiyari ko kan babur ko bayan kujera ya daki ciki, sai dokar Paskal ta yi aikinta: kayan ciki mafi yawansu ruwa ne, ba su matsuwa, don haka matsin yana bazuwa ta kowace fuska. Ta baya akwai ƙashin baya da tsokoki masu kauri, ta ƙasa akwai ƙashin ƙugu, ta gaba akwai abin da ya yi bugun. Rufin sama, mai kaurin 'yan milimita, shi ne mafi rauni, kuma nan ne yake fashewa. Idan kuwa ta gefe aka bugi motar, haƙarƙari yana lanƙwashewa ya fizgi tantanin daga inda yake manne, kuma irin wannan karo ya fi na gaba-da-gaba yawan yaga shi.

Kimanin kashi biyu cikin uku ko fiye na yagewar da ake gani a asibiti ta ɓangaren hagu take. Hanta tana ƙarƙashin ɓangaren dama tana tare bugu kamar matashi. Ɓangaren hagu ba shi da wannan kariya, kuma ta bayansa akwai wurin da sassan tantanin suka haɗu tun jariri yana ciki, wanda ya kasance mai rauni. Yagewar bugu babba ce, takan kai santimita 5 zuwa 15. Hudar wuƙa ko harsashi kuwa sau da yawa ba ta wuce santimita 2 ba, kuma ƙanƙantarta ce take sa a kasa ganinta.

Abin da Ya Sa Ba Ya Warkewa da Kansa

Ƙafar da ta karye ana ɗaure ta a hana ta motsi har ta haɗe. Tantanin numfashi ba shi da ranar hutu, bakin raunin yana buɗewa yana rufewa fiye da sau dubu ashirin kowace rana. Bugu da ƙari, wancan bambancin matsi yana nan daram, ƙirji yana tsotsa, ciki yana turawa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da farko kitsen da ke lulluɓe da hanji ne yake leƙawa ya toshe ramin, ya kuma hana bakinsa haɗuwa. Sannu a hankali tumbi ko babban hanji ko saifa su bi baya su shige ƙirji, su danne huhu, wani lokaci har su ture zuciya gefe.

A shekarar 1974 wani likita mai suna Grimes ya kasa wannan ciwo mataki uku. Akwai lokacin haɗarin kansa. Akwai lokacin ɓuya, wanda kan ɗauki makonni ko shekaru, mutum yana fama da ciwon ciki bayan cin abinci, ko saurin ƙoshi, ko haki idan ya kwanta, ko ciwon kafaɗar hagu, ana ta ba shi maganin gyambon ciki ko na asma. Sai mataki na ƙarshe, inda ramin yake shaƙe hanjin da ya shiga, jini ya daina kai masa, ya ruɓe. Duk abin da ke ƙara matsin ciki yana iya kawo wannan mataki, kamar ɗaukar kaya mai nauyi, ko juna biyu da naƙuda.

Wannan ba sabon sani ba ne. A shekarar 1579 likitan tiyatar Faransa, Ambroise Paré, ya ba da labarin wani kyaftin na sojan igwa da aka harba a ƙirjin hagu. Raunin waje ya warke, amma bayan wata takwas ya mutu. Da aka buɗe gawarsa sai aka tarar babban hanjinsa ya shige ƙirji ya ruɓe, ta wani rami da bai fi a sa kan ɗan ƙaramin yatsa ba. Sai a shekarar 1853 Bowditch, a birnin Bostan, ya gane ciwon a jikin mai rai, kuma a shekarar 1886 Riolfi ya yi nasarar ɗinke shi.

Har yau gano shi da wuya. Hoton ƙirji na farko yakan kasa nuna shi a kusan rabin masu raunin, kuma ya fi ɓuya idan ta dama yake. Hoton siti sikan ya fi gani nesa ba kusa ba, amma ƙaramar huda tana iya kuɓuce masa. A birnin Los Anjalas, a shekarar 1998, likitoci sun leƙa da na'urar hangen ciki a jikin mutane 110 da aka soka ko aka harba a ƙasan ƙirjin hagu, waɗanda ba su nuna alamar buƙatar tiyata ba, sai suka tarar kusan ɗaya cikin huɗu tantaninsa ya huje. Idan an gano shi da wuri, ɗinki ne da zare mai ƙarfi, mafi yawa ta ciki, kuma yana warkewa. Idan an makara, kayan ciki sun manne da huhu, aikin ya zama babba, idan kuma hanji ya ruɓe to rai yana cikin haɗari ƙwarai.

Hujjojin Masu Ganin Ba Shi da Muhimmanci

Mai karatu zai iya cewa wannan rauni ba shi da yawa, don haka bai cancanci lokacin aji ba. Gaskiya ne cewa cikin mutum ɗari da suka sami mummunan bugu a ƙirji ko ciki, 'yan kaɗan ne tantaninsu yake yagewa. Amma kaɗan daga cikin mai yawa ba kaɗan ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗurran hanya a shekara, waɗanda suke jin rauni kuwa sun kai miliyoyi masu yawa, kuma nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'arta. Ga kuma faɗowa daga bishiya ko gini, da rushewar katanga da damina, da harbin doki, da tunkuyin sa, da faɗan wuƙa. Darasin bai tsaya ga tantani kaɗai ba, domin bugun da ya yaga shi sau da yawa yakan fasa saifa ko hanta, waɗanda suke zubar da jini a ɓoye.

Wani kuma zai ce sanin ba shi da amfani tunda na'urorin bincike suna manyan asibitoci ne kawai, kuma da tsada. Amma abin da yake sa likita ya nemi raunin shi ne labarin da aka ba shi. Likitan da aka gaya wa cewa an taɓa sukar majinyaci a ƙasan nonon hagu shekara uku da suka wuce zai kalli hoton ƙirji da wani ido dabam. Zai sa kunne ya ji ko akwai kukan hanji a ƙirji, zai iya zura bututu ta hanci zuwa tumbi ya sake ɗaukar hoto ya ga ko bututun ya lanƙwasa ya koma sama. Waɗannan duka ba su buƙatar na'ura mai tsada. Rashin labarin kuwa yana iya sa a ɗauki tumbin da ya shige ƙirji a matsayin iskar da ta taru, a soka masa bututu.

Akwai kuma masu cewa bel ɗin kujerar mota shi kansa yana danne ciki. Haka ne idan an ɗaura shi a kan cibiya. Wurinsa shi ne ƙasa, a kan ƙashin ƙugu, ɗayan kuma ya ratsa tsakiyar ƙirji da kafaɗa, domin ƙashi ya ɗauki bugun. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bel yana rage haɗarin mutuwar na cikin mota da kusan rabi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Nijeriya, wadda aka kafa a shekarar 1988, ta fara tilasta ɗaura shi a shekarar 2003. Sai dai bel ɗaya ba ya ɗaure mutum biyu da aka cusa a kujerar gaba, kuma direban da ke rataya shi don idon jami'i kawai kansa yake cuta.

Abin da Ya Kamata a Yi

Malamai su ne farko. Kwalbar gwaji mai balan-balan biyu da robar da ake ja ta ƙasa tana da amfani wajen nuna dokar Boyil, amma ya kamata a gaya wa ɗalibai inda ta saɓa wa gaskiya. Robar a shimfiɗe take, hannu ke janta, kuma tana miƙewa daidai ta kowace fuska. Tantanin gaskiya a kumbure yake, shi ke jan kansa, kuma yana da zare. Malami zai iya huda robar da allura, ya bar ɗalibai su ga abin da zai faru. Mafi kyau ma shi ne a nuna musu na gaske. Kowace dabba mai shayarwa tana da shi, kaza da sauran tsuntsaye kuwa ba su da irinsa. Ɗalibin da ya tsaya kusa da mahauci ranar layya, lokacin da ake fiɗar rago, zai ga farar tsakiyar da jan gefen da ƙofofin, ya ja shi ta tsawo ya ja shi a gicciye ya ji bambancin da yatsunsa. Malamin fiziks kuma ya riƙa kawo ciki da ƙirji cikin misalansa na matsi, kada ya tsaya ga jak ɗin mota kaɗai.

Ɗalibai kuma su riƙe waɗannan ƙa'idoji su kai su gida. Duk wanda ya sami bugu mai ƙarfi tsakanin nono da cibiya, ko aka soke shi a wannan yanki ta gaba ko ta gefe ko ta baya, a kai shi asibiti ko da yana tafiya da ƙafarsa. Kada a ba shi ruwa ko madara ko abinci, domin ƙila ya buƙaci tiyata. Kada a zare wuƙa ko ƙarfen da ya maƙale, kada a danna cikin ko a murza shi. Maɗori yana iya gyara ƙashi, amma hannunsa ba ya kai wa tantani. A Nijeriya ana kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra a lamba 122. Dokar lafiya ta ƙasa ta shekarar 2014 ta hana a ƙi karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, dokar shekarar 2017 kuma ta wajabta a yi wa wanda aka harba magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba.

Bayan an sallami mai rauni, a adana takardar asibiti da hotunan da aka ɗauka. Idan daga baya ya fara haki, ko amai, ko ciwon ciki bayan cin abinci, ko ciwon kafaɗar hagu, ya koma asibiti, kuma kalmarsa ta farko ga likita ta kasance labarin tsohon raunin, da ranarsa, da wurin da ya same shi a jiki, ko da shekara goma ta wuce.